Allurar da Ta Kwana a Waje

A gidanmu na Yindiski, a nan Potiskum, shekara kashi biyu ce a wurin kakarmu Ya Kolo: lokacin ƙasa da lokacin zare. Da ruwan farko ya sauka za ta naɗe hulunan da take ɗinkawa cikin tsohon zane, ta cusa a ƙasan adaka, ta ce hannun da ya taɓa laka ba ya taɓa farin yadi. Sai ta koma bayan ɗakinta, inda take da wani ɗan fili da aka kewaye da darni. Filin ba wani girma gare shi ba, amma babu abin da ba ta tusa a ciki ba. Ga kuɓewa, ga yakuwa, ga rama da lalo, ga barkono a lungu, ga kabewa da ke hawa rufin ɗakin girki kamar ita ta gina shi. Idan damina ta yi tsakiya, yaro zai shiga wurin ya tsuguna a yi ta kiransa ba a gan shi ba.

Idan sanyi ya shigo kuwa, lambu ya bushe, sai adaka ta buɗe. Mai zane zai kawo mata farin yadi da ya zana wa gidaje-gidaje, ita kuma ta bi zanen da zare, ja da kore da ruwan ƙasa, har hula ta tashi. Da bazara ma ba ta zama haka nan. Takan shuka ɗan alayyahu a gindin randa, ruwan alwalarta ya ishe shi, ita kuma tana inuwar dalbejiya tana ɗinki tana faɗa da ƙudaje.

'Yar Barno ce, da aure ta zo, kuma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta miƙe ba. Wani lokaci takan ce mini "kai Bintu", ta ce wa babanmu "ke". Mu yi ta dariya ni da ƙanwata Hajja, ita kuma ta ce, "Ku yi ta yi. Miyata dai kuke sha." Amma idan ta fara tatsuniya babu mai tuna karkacewar harshenta. Shekarun nan ne na wahalar kananzir, fitila sai da dalili ake kunna ta, wutar lantarki kuwa baƙuwa ce. Don haka bayan an sauke tuwo ba a kashe murhu. A ƙara kara, mu jawo tabarma, ta miƙe ƙafafunta wajen ɗumi. Tana da yadda take buɗewa, ba irin na sauran tsofaffin unguwa ba. Za ta ce, "Ga baƙuwa a bakin zaure." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Daren da nake son in ba ku labarinsa ya faɗo ne a ƙarshen damina, lokacin da ake ta yankan kuɓewa ana shanyawa. Shi ne ɗan lokacin da ayyukanta biyu suke haɗuwa. Lambu bai gama ba, masu hula kuma sun fara aiko da yadi. Sai ta riƙa zama a bakin darni tana gadin shanya saboda awaki, ɗinki na hannunta. Tana da wata al'ada: idan za ta tashi, sai ta soke allurar a jikin kuɓewar da ke kusa da ita a kan karanta, zaren na reto, idan ta dawo launin zaren ya nuna mata wurin. Ni ce mai zura mata zare a kafar allura. Takan ce, "Bintu, ara mini idonki." Ina jin daɗin aikin, ban taɓa tambayar kaina me ya sa tun bara ta daina zurawa da kanta ba.

A ranar babanmu yana kudu, ya bi motar shanu. Innarmu ta tafi gaisuwar rasuwa a Ngojin, ta bar wa Ya Kolo ƙaninmu Abbagana, wanda a lokacin yake rarrafe, haƙora na fito masa, duk abin da ya samu sai baki. Sunan kakanmu ya ci, shi ya sa Ya Kolo ke kiransa "maigidana", tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba. Ni an aike ni niƙa, Hajja ta bi ni.

Da muka dawo bayan la'asar, na tarar da Ya Kolo a durƙushe cikin lambu tana shafa ƙasa da tafin hannu. Abbagana na zaune a gefe, haɓarsa duk yauƙi, yana riƙe da guntun ɗanyar kuɓewa da ya tauna. Ta ɗago ta dube ni, fuskarta ta yi wani irin fari da ban taɓa gani ba.

"Bintu, ajiye garin. Ara mini idonki."

"Zare zan zura?"

"Allurar za ki nemo."

Da ƙyar na haɗa abin da ya faru. Zarenta ya ƙare, ba na nan balle in zura mata wani. Akuyar maƙwabta ta fasa darni, sai ta soke allurar haka nan tsirara, babu zare, ta tashi kora. Kafin ta gama da akuya da gyaran darni, yaro ya rarrafo cikin kuɓewa ya tsinki ɗaya. Yanzu ba ta san wace kuɓewa ta soka ba, kuma rabin wadda ke hannunsa ya riga ya wuce.

Muka bi kuɓewar nan ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi na cin hannuwanmu. Ta sa yatsa a bakinsa ta lalaba, ya gartsa mata cizo, ko motsi ba ta yi ba. Babu allura. Ni kuwa, kamar duk yaron unguwarmu, na san abin da ake faɗi: allura idan ta shiga jiki ba ta zama wuri ɗaya, jini ke jan ta a hankali, wata da watanni, har ranar da za ta isa zuciya.

Da aka fara kiran magariba ta kama hannuna. "Kada ki faɗa wa uwarki. Ni zan faɗa."

Inna ta dawo a gajiye, ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi ɗanta ta goya. Na zuba wa bakin Ya Kolo ido. Ta buɗe shi, sai na ji ta ce, "Ya masu haƙuri?" Inna ta ce da godiya. Shi ke nan. Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku gane ba. Tsakanin Inna da uwar mijinta akwai kunya mai kauri. Inna ba ta kama sunanta, sai dai Iya, ba ta cin abinci a gabanta, ba ta kallon tsakiyar idonta. Ita ma Ya Kolo ba ta taɓa kiran Inna da suna ba, sai "'yar nan". Shekara da shekaru suna gida ɗaya lafiya lau, amma maganarsu ba ta wuce gaisuwa da ta miya.

Aka yi tuwo, Ya Kolo ba ta taɓa nata ba. Abbagana ya fara ƙananan koke-koke a baya, Inna na jijjiga shi tana cewa haƙoran nan sun hana bawan Allah sakat. Duk kukan da ya yi sai in ji kamar ni ake soka. Bayan isha'i Ya Kolo ta ce a ƙara kara a wuta. Ta ce kowa ya hau tabarma, kada wanda ya taka ƙasa ba takalmi. Hajja ta ce, "Don me?" Ta ce, "Don na ce."

Inna ba ta zama jin tatsuniya. Tana can gefe a bakin magudana tana wanke-wanke, da yaro a baya. Amma a daren Ya Kolo ba wajen wuta ta juya ba, wajen magudana ta fuskanta, kuma ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga baƙuwa a bakin zaure."

Hajja kaɗai ta amsa.

Ta ce a wani gari can bakin tabki an yi wata tsohuwa da babu mai ɗinki irin nata. Allurarta wani maƙeri ne ya ƙera mata, wanda ba a san daga inda ya zo ba, ba a kuma ga tafiyarsa ba. Da zai ba ta sai ya ce: wannan allura ba ta gajiya, ba ta karyewa, amma tana da yunwa. Kada ki bari ta kwana a waje, kada kuma ta kwana babu zare a kafarta. Idan ta kwana haka, za ta tashi ta nemi abin ɗinkawa da kanta. Tsohuwa ta kiyaye, shekaru suka tura, sarakuna da attajirai duk hularta suke sawa.

To, sai ido ya fara gudunta. Da farko kafar allura ce ta ɓace mata, daga baya bakin zare, daga baya fuskar mutum idan ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ta faɗa wa kowa ba. Tana tsoron a ce ta huta, a karɓe yadin a kai wa wata, ta zama tsohuwar da ake ajiye wa tuwo a rufe.

"Rannan," in ji Ya Kolo, "zarenta ya ƙare, mai zura mata ba ta nan. Sai ta soke allura a lambu, ta ce yanzu zan dawo. Da ta dawo, lambu duk ya zama kore ɗaya a idonta."

Rana ta faɗi, allura ta kwana a waje. Da gari ya yi tsit sai ta zare kanta daga inda aka soke ta. Ba ta da zare, sai ta ja yanar gizo ta zura. Ta fara da ganyen kabewa, ta haɗe su ɗaya da ɗaya har lambun ya zama kamar an rufa masa mayafi. Ya Kolo ta riƙa kwaikwayon tafiyarta da bakinta, cak, cak, cak, a hankali, tana soka yatsa a iska. Da asuba zakara bai yi cara ba, aka je aka tarar an ɗinke masa baki. Mutanen gida suka ce wannan wane irin abu ne, tsohuwa ta yi shiru. Dare na gaba aka ɗinke wa akuya idanu. Tsohuwa ta yi shiru. Wanda ya biyo baya, aka wayi gari an ɗinke asabarin ɗakin baƙi da jikin bango, sai da wuƙa aka fito da su. Kowane dare allurar tana ƙara matsowa tsakiyar gida.

Hajja ta cusa kanta a cinyata. Wutar ta ja baya, babu wanda ya ƙara kara. Ina jin ƙarar kwanukan Inna, ƙwal, ƙwal, da ɗan gunjin Abbagana.

"A gidan akwai ɗa," in ji Ya Kolo. "Ɗan ƙarami, mai rarrafe. Jikan tsohuwar ne. Uwarsa ta fita unguwa ta bar mata shi amana. Ta ce, Iya, ga shi nan, ba zan daɗe ba."

Ƙarar kwanuka ta tsaya.

"Tsohuwa ta tashi korar akuya. Da ta waiwayo, ga yaro a cikin kuɓewa, yana tauna."

Inna ba ta juyo ba. Hannuwanta na cikin ruwan wanke-wanke, bayanta muke gani da kan Abbagana da ya langaɓe a kafaɗarta. Can sai ta yi magana, ita da ba ta taɓa sa baki a tatsuniya ba.

"Iya. Tsohuwar nan, ta duba bakin yaron?"

"Ta duba."

"Ta gani?"

"Ba ta gani ba."

"Ƙasan fa?"

"Ta shafa duka. Ita da mai ara mata ido," in ji Ya Kolo. "Idonta ya mutu, 'yar nan. Ta daɗe tana ɓoyewa."

Hajja, da ba ta san komai ba, ta ɗago ta ce, "To sai allurar ta yi yaya?" Babu wanda ya kula ta. Inna ta tsame hannuwanta, ta goge a zani, ta kwance goyon. Ta kawo shi bakin wuta ta kwantar a cinyarta, ta buɗe bakinsa tana leƙawa, ta bi cikinsa da yatsu tana dannawa a hankali tana kallon fuskarsa. Leɓunanta na motsi, addu'a take yi. Ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, kunna fitila. Je ki buga wa Malam Jauro ƙofa, ki ce ya fito da babur."

Malam Jauro maƙwabcinmu ne, Bafillatanin da ya bar daji ya zauna a gari yana dillancin shanu. Akuyarsa ce ma ta fasa darnin. Shi ya kai su asibiti a daren, aka duba yaro aka ce a dawo da safe a ɗauki hoton ciki. Mu kuwa muka kwana a ɗakin Ya Kolo. Ba ta kwanta ba. Duk lokacin da na buɗe ido tana zaune a kan buzu, carbi na tafiya. Ni kuma na kwana da tafin hannu a kan bakina, ina sauraron cak, cak, cak a tsakar gida.

Da safe aka yi hoto, likita ya ce bai ga komai ba, a dai riƙa lura da yaro. Kuna tsammanin shi ke nan, ko? Ai nan ne ma abin ya zauna mana. Matan unguwa suka yi ta zuwa jaje, kowace da nata labarin. Wannan ta ce a garinsu allura ta shiga wa wata ta tafin ƙafa, bayan shekara ta fito ta kafaɗa. Waccan ta ce ai hoto ba ya kama ta idan ta kwanta a bayan ƙashi. Inna na jin su tana cewa Allah ya kyauta, amma ina ganin yadda take ƙara matse yaron a ƙirji. Kuma gaskiya ɗaya ce ba mai iya kawar da ita: ba a ga allurar ba. Idan ba ta cikinsa, tana ina?

Muka tankaɗe yashin tsakar gida da rariya, lungu-lungu. Kuɓewar da aka shanya, miyar shekara guda, Inna ta tattara ta zuba a rami ta binne, don ba ta yarda ta shiga tukunya ba. Ya Kolo da kanta ta tuge lambun tun bai gama ba, ta tara ta cinna masa wuta, ta bi tokar da hannu. Babu. Ta naɗe yadin mutane ta mayar wa mai zane, har da wata hula da ta kusa tashi, saura kanta kawai. Sauran allurorinta ta ba Malam Jauro ta ce ya jefa a tsohuwar rijiya.

Sanyin shekarar nan miyar kuka muka sha har ta fita ranmu. Ana hura wuta da dare, amma babu baƙuwa a bakin zaure. Hajja ta yi ta naci a ƙarasa mata tatsuniyar allura, Ya Kolo ta ce ta manta ƙarshenta. Babanmu ya dawo ya ji labari, ya ce Allah ya tsare gaba, ya dubi uwarsa ya dubi matarsa, ya ga ba wurin sa baki, ya koma kasuwar shanu.

Inna ba ta taɓa faɗa wa Ya Kolo magana mai zafi ba, ko sau ɗaya. Kullum da safe za ta durƙusa a ƙofar ɗakinta ta gaishe ta, ta kai mata koko. Sai dai ba ta ƙara barin Abbagana a hannunta ba. Ko wanka za ta shiga, da shi take shiga. Idan ya rarrafa ya nufi ɗakin tsohuwa, sai ta kira ni, "Ke, ɗauko shi, zai dami Iya." Ya Kolo kuma ta daina ce masa maigidana. Tana kallonsa daga nesa da idon da ba ya gani sosai, hannuwanta a kan cinya babu abin yi. Wannan zaman hannun nata ya fi komai ba ni tausayi.

Kowane dare kafin barci Inna za ta tuɓe shi ta shafa masa mai, amma ba shafa mai take ba. Lalube take, daga wuya zuwa tafin ƙafa, ko za ta ji wani abu mai tsini a ƙarƙashin fata. Da tsakiyar sanyi ya kamu da tari. Tarin yara ne da kowa ke yi, amma a gidanmu idan ya yi tari ɗaya sai kowa ya tsaya da abin da yake yi. Na taɓa farkawa na ga Inna ta kara kunnenta a ƙirjinsa, ta daɗe a haka. Ya fara tafiya da bazara, yana dafa bango yana faɗuwa, kuma duk faɗuwar da ya yi sai in ce yanzu ta motsa.

Da hadari ya fara haɗuwa, Ya Kolo ta ce bana ba za ta yi shuka ba, a bar filin awaki su kwanta. Aka yi ruwan farko da dare, mai ƙarfi. Da safe ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Ita kuwa Inna 'yar manoma ce daga Gadaka, ba ta iya ganin jiƙaƙƙiyar ƙasa a zaune. Ta yi ta kewaya filin, ta shiga ɗaki ta fito, daga ƙarshe ta shiga ɗakin girki ta taka turmi. A can sama, jikin azara, daidai kan murhu, akwai damin busasshiyar kuɓewa ta iri. Haka ake yi, a rataye iri inda hayaƙi zai riƙa bugunsa don kada ƙwari su ci. Ya yi baƙi ƙirin, mun saba ganinsa har mun daina ganinsa.

Ta zauna a tsakar gida da faifai, tana fasa kuɓewar da babban yatsa, 'ya'yan na zubowa suna gangarawa. Ina gefenta ina tsince ɓawo. Ta fasa wata, sai muka ji wani ɗan sauti daban, siriri. A tsakiyar faifai, cikin baƙaƙen 'ya'yan kuɓewa, ga ta nan kwance. Ta yi tsatsa, kafarta babu zare.

Inna ba ta taɓa ta ba. Ta dai zuba mata ido, sai hawaye. Daga baya muka gane yadda aka yi. Ba a ɗanya Ya Kolo ta soke ta ba, a busasshiya ce da ta fara tsagewa, allurar ta zurma ciki gaba ɗaya. Da akuya ta fasa darni, Ya Kolo ta ji tsoron kada ta cinye mata iri, sai ta yanke busassun a gurguje ta ɗaure ta rataye, sannan ta dawo ta tarar da yaro yana tauna. Firgici ya shafe mata wannan duka. Mun tankaɗe ƙasa, mun ƙone lambu, babu wanda ya ɗaga kai sama.

Inna ta ɗauki faifan ta nufi ɗakin Ya Kolo, ta durƙusa a ƙofa.

"Iya, miƙo hannunki."

Ta ɗora mata allurar a tafi. Ya Kolo ta shafa ta da yatsa daga kai zuwa tsini, ta sake shafawa. Inna ta waiwaya, ga Abbagana yana tafe yana tangaɗi, ya riƙe ludayi. Ta ɗauke shi ta ajiye a cinyar tsohuwa.

"Riƙe mini shi, Iya. Zan je in yi shuka kafin ƙasa ta sha iska."

Ya Kolo ta rungume shi ta cusa fuskarta a wuyansa. Da ta ɗago sai ta ce, "Kai maigida, wata nawa ba ka leƙo ɗakina ba? Ko cefane babu." Shi kuwa ya buga mata ludayi a goshi.

A daren Hajja ta samu ƙarshen tatsuniyarta. Ya Kolo ta ce da allura ta iso ƙofar ɗakin da yaro ke barci, sai ta tarar da tsohuwa zaune a bakin ƙofa ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙasa. Allura ta hau ta fara ɗinki, ta haɗe yatsun nan ɗaya da ɗaya, tsohuwa ta cije ba ta janye ba, har ta samu ta dunƙule hannun da allurar a ciki. Yaro ya kwana lafiya, tsohuwa kuma ba ta ƙara ɗinki ba. Hajja ta ce ƙarshen bai yi daɗi ba. Ya Kolo ta ce shi ke gare ta. Ita ma ba ta ƙara riƙe allura ba har ta rasu. Ni ta koya wa, da baki, tana shafa ɗinkina da yatsa tana cewa in warware nan, na ja zare da yawa.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan shi ne a kula da allura, kuma har yau ba na tashi daga ɗinki sai na ga tawa a jikin yadi da zarenta. Sai da na girma na yi surukai, idona ya fara neman tabarau, sannan na fara tunanin wancan ɗan lokaci tsakanin la'asar da isha'i, da tsohuwa ke zaune da magana a bakinta ta rasa ta inda za ta fito da ita. A tatsuniyar, duk ɓarnar da allura ta yi, tana yi ne a dararen da tsohuwa ta yi shiru. Ya Kolo ta san haka, ita ta tsara ta. Kanta take yi wa shari'a a gabanmu, mu muna zaton labarin dodo take ba mu.

Wata rana, Inna ta tsufa, muna yankan kuɓewa ni da ita, na tambaye ta ko ta ji haushin yadda aka sanar da ita, a ce ran ɗanki na cikin haɗari a tsaya ana yi miki tatsuniya. Ba ta ajiye wuƙar ba.

"Na ji," ta ce. "Amma da ta tare ni a zaure ta faɗa mini kai tsaye, da na mayar mata da maganar da ba zan iya janyewa ba, kuma uwar ubanku ce, gida ɗaya za mu ci gaba da kwana. Da ta bi ta wajen tsohuwar can ta bakin tabki, kafin in gane da ni ake, na riga na ji tausayin matar."